Abin da Ke Ƙasan Igiyar Delia

Hazo ne ya kawo jirgin Lydia Marsh bakin tsibirin Merrow a tsakiyar Satumba, ba niyya ba. Kyaftin Ruth ta so ta kai baƙinta Castine, amma da ta daina ganin goshin jirginta sai ta sa aka saki anka a mashiginmu. Tsohon jirgi ne mai filafilai, ba shi da inji. A da duwatsu yake kaiwa Boston. Yanzu mutanen birni yake ɗauka, waɗanda ke baro gidajensu masu ɗumi su zo su ja igiya, su kwana a gado mai faɗin akwatin gawa, su ce hutu suke yi.

Baƙin wannan tafiyar duk bibbiyu suke, tsofaffin ma'aurata da suka gama faɗan da za su yi a duniya suka koma nuna wa juna tsuntsaye. Mutum ɗaya ne ya zo shi kaɗai, Emmett Novak, saurayi mai yankan gilashin tagogi a Toledo. Mahaifiyarsa ce ta so ganin teku. Ya kama musu ɗaki mai gado biyu tun cikin sanyi, ita kuwa ba ta jira bazara ba, ta rasu a Afrilu. Ya zo ne don ya rasa wanda zai gaya wa cewa ya fasa. Jakarsa ce ke kwana a gadon sama.

Yana tsaye a gefen jirgi yana kallon farin hazo, sai ya ji ƙarar inji, sannan wani ƙaramin jirgin kamun lobsta, ɗan'uwan ƙaguwa na teku, ya ɓullo, wata yarinya cikin rigar roba ruwan lemo tana tuƙa shi da hannu ɗaya.

"Kai, mai tsayuwa kamar an dasa ka," ta ce. "Kama."

Ta wurgo masa igiya. Ya cafe, ya naɗa ta a jikin ƙarfe, ya ƙulla iya ƙoƙarinsa. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban ƙullin.

"Wannan me sunansa?"

"Ban sani ba. Da shi nake ɗaure takalmi."

"Madalla. Idan jirgina ya tafi Kanada, takalminka dai suna nan."

Ya yi dariya, kuma shi kansa sai da ya ji baƙuntar sautin, don tun watan Afrilu bai ji shi ba.

Delia Beal ke nan, 'yar Orrin Beal, mace ɗaya tilo a Merrow mai jirgin kanta. Lobsta ta kawo wa Kyaftin Ruth, na dafuwar da ake yi wa baƙi a bakin gaɓa.

Da yamma aka hura wuta a kan duwatsu, aka dafa su da ruwan teku, aka rufe tukunyar da ciyawar ruwa. Ba a taɓa ganin Delia ta tsaya cin abinci da baƙi ba. Ranar ta tsaya. Ta tarar da Emmett a can gefe, zaune a kan kututture, yana kokawa da ɓawon lobsta kamar mai neman ƙofar shiga.

"Kowa da tasa," ta ce tana zama. "Kai ina taka, ɗan tudu?"

Ya gaya mata labarin mahaifiyarsa. Bai tsawaita ba, ya dai ce akwai gadon da babu kowa a kai.

Ba ta ce masa sannu ba. A nan ba mu iya ta'aziyya da baki ba, abinci muke miƙa wa mutum. Ta karɓe lobstan daga hannunsa, ta murɗe, ta zaro naman ta tsoma a man shanu ta ba shi.

"Tawa uwar tana raye," ta ce. "A Arizona. Ita ma baƙuwar bazara ce, a irin wannan jirgin ta zo. Ina ƙarama ta ce ba za ta ƙara ganin Fabrairu a tsibirin nan ba. Mace ce mai cika alkawari."

"Ke fa? Ba ki taɓa son tafiya ba?"

"In je ina? Toledo?"

"Muna da tafki."

"Allah sarki."

Kafin rana ta faɗi hazon ya yaye, mashigin ya fito da gorunan da masunta ke bari suna yawo a kan ruwa birjik, kowane launi da mai shi. Ta nuna masa tata, fara mai koren kai.

"Launin kakana ne na wajen uba. Duk inda ka ga wannan, ni ce."

Ya kalli gorar, ya kalle ta. Mutumin da ya yi wata biyar yana cin abinci a tsaye a gaban firji ba ya bukatar abu mai yawa kafin zuciyarsa ta tafi. Da za ta tashi ta karɓi wayarsa ta saka lambarta.

"Idan ka koyi ƙulli ka sanar da ni."

Washegari da sassafe ya roƙi aron ƙaramin kwale-kwalen jirgin ya ɗan zaga. Kusa da duwatsun arewa ya ga gora fara mai koren kai, ciyawa ta naɗe ta, ita kaɗai nesa da 'yan'uwanta. Ya ja igiyarta ya ji nauyi. Ya ɗauka ta ɓata ne ta maƙale a dutse. A garinsu ya sha ganin irinta rataye a gidajen cin abinci, abin ado. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke.

A ƙasan kowace igiya akwai tarkunan lobsta, kuma idan gora ta tafi sun tafi. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce, a Merrow ba a yi wa mutum gargaɗi da wuƙa. Idan ka shiga ruwan da ba naka ba, ƙulli za a fara yi maka a wuyan gora. Yanka kuwa shelar yaƙi ce, iyalai sun yi shekara talatin ba sa gaisawa a kanta. Shekarar da Delia ta fara fita da jirginta, wani da har yau bai da suna ya yi ta yanke mata gora har kaka ta wuce, don ta gane cewa ruwa ba na mata ba ne. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta yi ta ɗaura sababbi har ya gaji.

Da hantsi Lydia Marsh ta ɗaga anka ta bi ta gaban kwata, inda duk mazan tsibirin ke tsaye suna cusa kifin tarko a jaka. A gefen jirgin, inda kowa zai gani, gora fara mai koren kai tana lilo da guntun igiyarta. A bayanta Emmett na tsaye yana ɗaga hannu, fuskarsa cike da murna.

Maza suka ajiye jakunkunansu suna kallo.

Travis Eaton ne ya fara magana. Ajinsu ɗaya da Delia tun suna yara, jirginsa ne mafi girma a mashigi, kuma duk tsibirin, har da shi kansa, sun daɗe da ɗaura musu aure a zuci.

"Delia," ya ce, "waccan ba gorarki ba ce saurayinki ya shanya?"

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Hoton gorar ne, da rubutu a ƙasa:

"'Yar ruwa, na tsinci wannan ta ɓata, na tafi da ita don in riƙa ganinki a Toledo. Jiya ce rana mafi daɗi da na yi a bana. Na gode da kika zauna kusa da ni."

Ta karanta sau biyu. Ta cire safar hannu ta rubuta:

"Ka san abin da ke ƙasan igiyar?"

Ya amsa nan take: "Dutse?"

Ta mayar da wayar aljihu.

A Castine Kyaftin Ruth ta ga gorar. Ta kira shi bayan jirgi, inda sauran ba za su ji ba, ta yi masa bayani a natse, kamar likita.

"Ɗana, da ka mare ta a gaban ubanta da ya fi sauƙin gyara."

"To me zan yi, Kyaftin?"

"Mafi yawan baƙi da sai su aika da haƙuri ta waya su koma gida. Babu mai ganin laifinsu, don babu mai sa ran wani abu daga gare su."

Sauran hutun ya yi shi kamar mai zaman makoki karo na biyu. Ma'aurata suka hau tsohuwar ganuwar Castine suna ɗaukar hoto, shi ya bi titunan da manyan itatuwa suka rufe, tsakanin fararen gidajen da kyaftin-kyaftin na da suka gina wa matan da suka ƙare rayuwarsu a bakin taga. Ya shiga maƙabarta ya yi ta karanta sunayen mazan da teku ta ci, babu gawarsu a ƙarƙashin dutsen. A Belfast ya zauna a kan benci ya rubuta mata:

"Kyaftin ta faɗa min. Ban sani ba, amma rashin sanin bai dawo miki da komai ba. Ki yafe min."

A North Haven ya rubuta:

"Yau na koyi ƙulli. Ba ni da wanda zan nuna wa."

Saƙonnin suka shiga, aka karanta, ba a amsa ba. Delia na fita kafin gari ya waye, ta dawo gidan da ita da ubanta suke cin abinci ba tare da magana ba, rediyo na karanta musu yanayin iska. Ba tarkunan ne ke cin ranta ba. Sau ɗaya ta zauna kusa da baƙo, kuma duk tsibirin ya ga sakamakon.

Tafiyar ta ƙare a Camden. Baƙi suka rungumi juna suka yi alkawarin zumuncin da ba za su cika ba. Emmett ya tsaya a tashar mota da jaka a kafaɗa da gora a hammata. Motar da za ta kai shi filin jirgin sama ta zo, ta tafi.

A jirgin wasiƙu ya dawo Merrow, shi kaɗai ne fasinja. Ya tarar da Orrin Beal a ƙofar rumfarsa yana ɗinkin raga, dogon mutum busasshe wanda ya ƙare yawancin maganarsa tun yana saurayi.

"Yallaɓai, sunana Emmett. Ni ne na..."

"Yallaɓai yana Augusta, gidan gwamna. Na san ko kai wane ne. Har karnuka sun sani."

Emmett ya miƙa gorar da hannu biyu. Orrin bai karɓa ba.

"Wannan kumfa ce da fenti. Ina da irinta cike da rumfa. Abin da ka bari a ƙasa fa?"

"Zan biya."

"Ba ta ce tana sayarwa ba." Ya ja zarensa. "Na ji har waya kake mata. To bari ka ji, yaro. Mutumin da zai sa wuƙa a abin da bai san ƙasansa ba, ba na son inuwarsa kusa da 'yata. Na taɓa ganin irinku. Kuna son wurin nan a Satumba."

"Yaya ake ɗauko su?"

Orrin ya ɗago ya dube shi a karo na farko. Ya miƙa ƙafa ya turo masa wata ƙugiyar ƙarfe mai yatsu huɗu.

"A ɗaura mata igiya, a ja ta a ƙasan ruwa, har ta kamo. Ka san inda ka yanka?"

"Kusa da duwatsun arewa."

"Duwatsun arewa sun kai garinku faɗi. Allah ya ba da sa'a."

Gwaggo Nettie, mai kanti da gidan waya, ta ba shi ɗakin da ke saman kantin da kwale-kwalen mijinta marigayi. Ta ce ba tausayi ba ne, tagoginta ne ke shan iska. Daga ranar, kullum da safe za ka hange shi can arewa, ɗigo ɗaya a kan ruwan toka, yana tuƙi yana jan ƙugiya. Ya kamo tsohuwar taya. Ya kamo takalmin roba, da kujerar jirgi, da ciyawar da za ta cika coci. Hannayensa suka fashe, gishiri ya shiga. Masu gidajen bazara suka rufe tagoginsu da katako suka tafi, tsibirin ya koma na masu shi. A kanti idan ya shigo sai hira ta tsaya, idan ya fita ta ci gaba da dariya.

Delia kan wuce shi da jirginta ba ta juyo ba, sai dai takan rage gudu don kada igiyar ruwanta ta kifar da shi. Wata rana ya tarar da safar hannu ta roba a cikin kwale-kwale. Ya rubuta:

"Na ga safa. Na gode."

"Ba ni ba ce."

"To ki gode wa wadda ba ke ba. Ta san girman hannuna."

Can da yamma: "Kana jan ƙugiyar da sauri. Rage."

Travis kuwa ya ƙara ƙaimi. Yakan zo gidan Orrin ranar Lahadi da nama daga Rockland, ya zauna a kujerar da ya ga dama. Ba mugu ba ne Travis. Mutum ne da bai taɓa tambayar kansa ko ana son sa ba, abin da ke sa rayuwa sauƙi ƙwarai. Orrin yana son sa saboda dalili ɗaya, kakanninsa huɗu duk a maƙabartarmu suke, kuma mutum ba ya gudu ya bar wannan.

Wata safiya cikin Oktoba Emmett ya hangi Delia a jirgin Travis, su biyu, sun nufi babban gari. Ya sake tuƙi, kwale-kwale ya yi ta juyi da shi. Da yamma ya rubuta:

"Na gan ku. Idan an riga an gama magana, ki gaya min. Ba zan daina nema ba, zan dai daina damunki."

"Injina ne ya lalace, ya kai ni sayen kaya. Ya kuma nemi aurena a hanya, tsakanin maganar mai da maganar farashin kifi."

"Me kika ce?"

"Na ce ya kalli gabansa, akwai dutse."

Emmett ya daɗe yana kallon wayar kafin ya gane cewa murmushi yake yi.

Wannan gyaran injin ne ya kai ta can cikin rumfar ubanta neman sifana. A bayan tsofaffin raguna, ƙarƙashin tampol, ta ga tarkuna biyu masu ɗauke da alamarta, da igiya mai sabon yanka naɗe a kansu. Ta fito da igiyar a hannu.

"Baba, mene ne wannan?"

Orrin bai daina abin da yake yi ba. "Igiya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Travis ya kamo su kafin azahar, ya san wurin."

"Wa ya sani?"

"Kowa. Ban da ke da shi."

"Baba, hannunsa jini yake yi. Kun tsaya a kwata kuna kallon mutum yana sharar teku, kuna dariya."

"Ni ban yi dariya ba." Ya ajiye allurarsa. "Na ɗauka zai yi sati ya gaji ya tafi, ki huta tun abin bai kama ki ba. Ni ba a yi min wannan gatan ba. Sai da aka haife ki, aka saba, sannan uwarki ta tafi."

"Shi ba Mama ba ne."

"Ita ma a Oktoba ba ta yi kama da mai tafiya ba."

Ta bar shi nan. Injinta bai gyaru ba, don haka kwale-kwale ta ɗauka ta tuƙa har duwatsun arewa. Iska na da sanyi, sararin sama ya sauko ƙasa-ƙasa. Ta tarar da shi yana cire ciyawa daga ƙugiya. Ta kama gefen kwale-kwalensa.

"Ɗan tudu, naɗe igiyarka. Babu komai a ƙasa. Suna rumfar Baba tun ranar farko."

Ya ci gaba da cire ciyawar.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Na gyara masa tagar rumfar makon da na zo. Nettie ce ta aike ni. Tampol ɗin bai rufe su duka ba."

"To don me kake wannan haukan?"

Ya dubi hannayensa. "Duk wanda ya tambaye ni me nake yi a Merrow, ina da amsa. Ina neman tarkunan Delia. Ko babanki ya yarda da wannan dalilin. Ranar da na ce na san ba sa nan, sai a ce to sauka lafiya." Ya ajiye ƙugiyar. "A Toledo akwai ɗaki biyu da firji. Babu wanda zai lura na dawo, sai mai gidan haya. A nan ko ba komai ana yi min dariya. Kuma da safe kina wucewa, kina rage gudu."

Delia ta juyar da kai ta kalli duwatsu. Ba ta son a ga fuskarta a irin wannan lokaci, halin gidansu ne.

"Kai wawa ne," ta ce.

"Haka ake faɗa a kanti."

"Idan an tambaye ka, ka ce Delia ce ta ce ka zauna."

"Har yaushe, 'yar ruwa?"

"Kada ka matsa min. Miƙo hannun in gani."

Ya miƙa. Ta cire masa safar, ta daɗe riƙe da hannun tana duba tsagar da ta riga ta gani, kwale-kwalen biyu suna gugar juna.

Ranar Lahadi ta kawo shi gida. Travis ya tarar da mutum a kujerarsa, ya tsaya a ƙofa da nama a hannu, ya dubi Delia, ya dubi Orrin. Ya ajiye naman a kan tebur.

"Ku ci," ya ce. "Kai kuma, ɗan birni, gobe ka zo ka riƙa cusa min kifi a jaka. Tunda za ka zauna, gara ka yi wari kamar kowa."

Bayan an ci, Emmett ya faɗi abin da ya kawo shi. Orrin ya saurara har ƙarshe.

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ka ga Fabrairu tukuna."

Sanyi ya zo kamar yadda ya saba, ba tare da gaisuwa ba. Rana ta riƙa faɗuwa tun mutum bai gama narkar da abincin rana ba. Igiyoyi suka daskare, gemun maza ya yi ƙanƙara. Emmett ya yi aiki a bayan jirgin Travis, ya yi amai a teku har Travis ya gaji da tsokanarsa. Ranakun da iska ta hana fita yana bi gida-gida yana liƙe tagogi, tsofaffi suna ba shi kofi suna gaya masa yadda aka fi shan wuya a da. Wasu ranakun yakan zauna a ɗakinsa na saman kanti, babu abin ji sai iska, ya rasa dalilin da ya sa mutane suka taɓa zaɓar zama a kan dutse a tsakiyar ruwa. A irin ranar yakan rubuta:

"Yau da wuya."

Ita kuma ta amsa: "Na sani, masoyi. Ni ma, kuma a nan aka haife ni. Sauko, na kawo romo."

A Fabrairu guguwa ta hana jirgin wasiƙu zuwa har burodi ya ƙare a kanti. Ranar da teku ta kwanta aka hango shi tafe, Orrin yana rumfarsa. Ta tagar da aka gyara masa ya ga Emmett yana gangarowa kwata da ƙatuwar jaka a kafaɗa, yana sauri.

Orrin ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya fito ba hula, ya tsaya a wajen turken da ya taɓa tsayawa shekaru da yawa da suka wuce, riƙe da hannun yarinya ƙarama, ranar da matarsa ta tafi. Delia tana can teku. Yana ta tunanin kalmomin da zai tare ta da su.

Emmett ya miƙa wa matuƙi jakar. Wasiƙun Nettie ne, ƙafarta na ciwo. Sannan ya shiga jirgin ya fara fito da kaya, akwatin kayan yankan gilashi, kwalin kwanuka, da wata tsohuwar kujera mai lilo, an naɗe ta da bargo. Ya tsaya yana neman yadda zai hau da ita tsanin da ya daskare.

Ya ɗaga kai ya ga Orrin.

"Ta mahaifiyata ce," ya ce. "Na sallami gidan Toledo. Ban san inda zan ajiye ta ba tukuna."

Orrin ya tsaya yana duban kujerar. Iska na kaɗa farin gashinsa.

"Ba haka ake ɗaukar kujera ba," ya ce, yana saukowa. "Kama can, na kama nan. Gidanmu za ta, akwai wuri kusa da murhu."

A cikin Maris aka ɗaura auren, a ƙaramin cocinmu, faston da ke zagayen tsibirai ya zo a jirginsa. Kyaftin Ruth ta zo daga Camden da kek a kan cinya. Travis ne abokin ango, ya kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya horar da shi. Daga Arizona kati ya zo, Delia ta karanta ta ajiye. Amarya ta sa farar rigar Nettie da takalmin roba a ƙasa, don hanyar coci taɓo ce. Da faston ya tambayi Emmett ko ya yarda, ya amsa tun ba a gama tambayar ba, coci ya ɗauki dariya.

"A hankali, ɗan tudu," ta raɗa masa. "Ba inda za ni."

"Ni ma, 'yar ruwa."

A zauren gari aka ci romon kifi da madara, aka matsa wa Orrin ya yi magana. Ya tashi kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Na so in kore shi, ya ƙi koruwa," ya ce. "Yaro, ga ta nan. Ke kuma ga shi nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya, ya dawo da ku gida duk ranar da kuka fita." Ya zauna. Delia ta zagayo ta rungume kansa, bai hana ta ba.

Duka muka ce amin. Allah ya bar su tare har tsufa, har su gama faɗansu su gaji. Idan kuma lokaci ya yi, kada ya bar ɗaya ya daɗe shi kaɗai a gidan.